A Hannun Haruna Maɗinki

Baba, tun ba a naɗe tabarmin zaman makokinka ba Barmo ya aiko a gwada faɗin rumfarka, a kewaye ta da igiya.

Ka san halinsa. Shi ne babban 'yan fatar Gure, kuma bai taɓa yafe maka ba da ka fito daga Kelle da ƙurar garke a ƙafa ka zauna cikinsu. Dokarsu ita ce ba mai shiga cikin 'yan fata sai wani babba a Damagaram ya tsaya masa a rubuce. Kai Ɗan Kasuwa ya tsaya maka, attajirin da ba wanda ya taɓa gani a Gure, amma hatiminsa kaɗai kan sa Barmo ya gyara zama.

Na sami Barmo cikin 'yan fata yana shinshina fatar akuya.

"Rumfar ubana ce," na ce.

"Ta ubanka ce. Shi aka tsaya wa. Kai wa ya san ka, ɗan lakwal? Kawo takardar Ɗan Kasuwa da sunanka kafin ayari ya tashi. In babu, kai da uwarka ku koma bin awaki."

Suka yi dariya, har da waɗanda suka ci tuwon sadakarka.

Ni nake rubuta maka wasiƙu zuwa ga Ɗan Kasuwa tun da ka cire ni daga lakwal, makarantar boko. Kana faɗa, ina rubutawa, kana tsaye a kaina kamar hadari. Ba ka taɓa cewa madalla ba. In na zo bayan takarda, wurin sa adireshi, sai ka buga tabarma: "A hannun Haruna maɗinki, Zango. Kada ka kuskura ka bar shi." Amsa kuwa ba ta zuwa sai ka je Damagaram da fatu ka dawo, sannan ta biyo ka ta gidan waya. Kullum a ƙasanta akwai layi guda nawa: a gai da yaron da ya yi rubutun nan, hannunsa ya yi kyau. Ina karanta maka, kana kallon wani wuri.

Layin nan, Baba, shi na riƙa. Har na yi fatan da Ɗan Kasuwa ne ya haife ni.

Amma ka mutu, bai aiko da gaisuwa ba. Na zauna a rumfa cikin warin bagaruwa na rubuta masa da zafi. Na roƙe shi ya sa sunana inda naka yake. Da na zo bayan takarda sai na tuna abin da mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana: wasiƙar ciniki, mai ita ake sa wa, ba ɗan aike ba. Me zai sa kukana ya bi ta hannun mai allura? Na rubuta Ɗan Kasuwa, Damagaram, na tsaya nan.

Ta dawo ba a buɗe ba. Ma'aikacin gidan waya ya miƙo mini ita a gaban jama'a, ya ce ba a san mai sunan ba. Kafin la'asar Barmo ya ji.

"Attajirinku ya manta da ku," in ji shi. "Ko takardarka bai taɓa ba."

Inna ta buɗe adaka ta ciro shuɗiyar rigarka, wadda ba ka sawa sai za ka Damagaram. Ta ce ba a shiga gidan manya da tsumma. Na bi masu raƙuma, rigar tana jan ƙasa, ina haɗa maganganun da zan watsa wa Ɗan Kasuwa a fuska.

Na iske Haruna a Zangon Damagaram, tsoho ne, rumfarsa ba ta kai taka ba. Ban ko gama sallama ba na ce:

"Kai ni wurin Ɗan Kasuwa. Shekaru ubana yana yi masa bauta, ya mutu, ko Allah ya ji ƙai bai aiko ba."

Allurar ta tsaya. Bai dubi fuskata ba, wuyan rigar ya duba. Ya kai hannu ya shafa zaren, ya daɗe. Sannan ya share ido da gefen rawani, ya jawo takarda, ya zazzage gwangwanin maɓallai, hatimin Ɗan Kasuwa ya faɗo.

"Zauna, ɗana. Me za mu ce wa Barmo?"

Takardar tana hannun Barmo yanzu. Ya karanta, ya tofar da yawu, ya sa an kwance igiya. Rumfa ta zauna. Abin da Haruna ya gaya mini yana busa tawada kuwa, ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna.

Ya ce, "Ba wani babba da ya yarda ya tsaya wa makiyayi, sai ubanka ya tsaya wa kansa. Yana faɗa, ina rubutawa. Nan Zango Ɗan Kasuwa muke ce masa, kuma wannan rigar da ke jikinka ni na ɗinka masa."