Kauɗar Inna

Har yau idan na ji warin tumatir da aka shanya, sai in tuna wata la'asar a gidanmu na Bunkure.

Tumatir ya yi araha a lokacin, Inna ta wuni tana yanka shi don yin kauɗa, tana shanyawa a kan buhuna. Tun da safe ta roƙi Baba ya ɗaure akuyarmu kafin ya tafi ban ruwa, ya manta. Akuya ta ci rabi, ta tattake sauran.

Ya dawo ƙafafunsa duk taɓo. Ko fartanya bai ajiye ba Inna ta tare shi.

"Malam, ɗaure akuya ɗaya ya gagare ka?"

"A kan kauɗa kike ɗaga min murya? Gobe zan kawo miki kwando biyu."

Sai ta miƙa masa hannuwanta. Ruwan tumatir ya ci yatsun, duk sun tsattsage.

"Tumatir ai ya cika gari," in ji ta. "Duk wanda ka wuce a gonarsa sai ka ce masa sannu da aiki. Ni ko sau ɗaya."

Baba ya dubi hannun, kamar zai yi magana, sai ya ɗauki buta. Ita ma ba ta dubi ƙafafunsa ba.

Washegari ya kawo kwandunan. Ta yanke tumatirin tas.

Allah ya jiƙansu. Ni da maigidana a kan wanke-wanke muke yin namu faɗan, kuma duk ranar da ya ce zai samo min mai aiki, kwandunan nan biyu nake gani.