Ko Ƙiftawa Ba Ta Yi Ba

Ranar uku ga Maris, 2019, Lubwama ya haɗu da Nanteza a gidan kallon unguwar Bwaise. Suka yi alkawarin kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango, Mai Fiffiken Ƙarfe, tare har ƙarshe.

Ranar nuna kashin ƙarshe Lubwama ya zo da zobe a aljihu. Jarumin ya faɗo ya mutu, ɗakin ya kaure da ihu, wani ya jefi allon da takalmi. Nanteza kuwa gyaɗarta take ci.

Lubwama ya dube ta. "Kin riga kin gani."

Ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Saurayin nan Kasozi kaɗai ke da tashar da ta nuna shi jiya."

"Haba Lubwama, wasa ne fa!"

"Wasa ne," ya ce, ya zare hannunsa daga aljihu, ya bar zoben a ciki.

A Disamba ta auri Kasozi. Lubwama bai sake shiga gidan kallo ba.