Madubin Amsa

Muntaka ɗan Sama'ilu Mai Jakai ya fara ganin Amsa 'yar Malam Kallamu a kasuwar Tsanyawa, da kakar da ya soma fatauci. Ranar da ya dawo daga Gwanja, bai ko kwance kaya ba ya nufi gidansu da tsaraba ƙunshe a ƙyalle. Babu wanda ya iya gaya masa cewa cutar agana ta ratsa garin a bayansa.

Ta fito lulluɓe, ta tsuguna nesa da shi.

"Sannu da hanya, Malam."

"Amsa, yau kuma ni ake wa lulluɓi? Ga tsarabarki."

Ta kwance ƙyallen. Ɗan madubi ne mai bakin tagulla. Ta daɗe tana riƙe da shi a kife, sannan ta janye mayafin da kanta. Zanzana ta cinye kumatun, har tsagar Barebarin da yake tsokanarta da ita ta ɓace a ciki.

Idonsa ya kauce na ƙiftawa ɗaya, amma ta gani.

"Wallahi ban fasa aurenki ba," in ji shi. "Gobe zan turo kawuna."

"Na sani, kai mai cika alkawari ne. Shi nake tsoro." Ta ajiye madubin a gabansa. "Wadda ka saya wa wannan, ni ma ina kewarta."

Ya kira sunanta, ta shige zaure ba ta juyo ba.

Rabonsu da juna ke nan, ranar Laraba, bakwai ga Rajab, shekara ta 1291 bayan Hijira.