Baduku da Wuƙar da Ba Ta da Ciki

Tunda ka ce kowa so yake ya koya maka sana'arka, ɗan'uwa, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani baduku a wani gari mai rijiya ɗaya tak, zurfinta gaba talatin. Shi ke yi wa garin guga, shi ke yanka maɗaurin fata da ke riƙe bakinta. Wata rana da tsakar rani maɗauri ya tsinke, guga ta faɗa rijiya. Mata suka wuni a rana da tulunansu, shanu suna ta kuka, har la'asar kafin a ciro ta. Ba wanda ya zage shi, amma da ya gitta sai hira ta mutu. Ya ɗauki maɗaurin ya tafi gida, ya shimfiɗa a kan katako yana bi da yatsa. Fatar lafiyarta ƙalau, jimar ma ta yi. Yankan ne ba daidai ba: nan da faɗi, can ya sirance, kuma daidai inda ya sirance ɗin ya tsinke. Ya duba wuƙarsa, irin ta mahauta ce, mai lanƙwasasshen ciki da tsini a ɗage. In ya danna ta, cikin kawai ke taɓa fata, yana ja sai ta zame ta kauce wa layi.

Washegari ya tafi wurin maƙerin garin, ya ce yana son wuƙa mai baki miƙaƙƙe tun daga ƙota har ƙarshe, bayanta kuma ya gangaro ya sadu da bakin a ƙasa. Maƙeri ya yi dariya, ya ce shekararsa arba'in yana ƙira, bai taɓa ganin wuƙa ba ciki ba. Ya ƙera, amma hannunsa ya saba, sai da ya ɗan lanƙwasa ta. Baduku ya dawo da ita. Maƙeri ya sake wata, ita ma haka. A karo na uku baduku ya zo da katakonsa a ka, ya ajiye a ƙofar maƙera, ya kifa bakin wuƙar a kai yana fuskantar rana.

Ya ce, “Sarkin ƙira, ƙarfe dai naka ne, ban isa in ja da kai ba. Amma duba nan. In haske ya ratsa tsakanin baki da katako, a mayar da ita wuta.”

Ya naɗe hannun riga ya kama zuga-zugi da kansa. Kwana biyu suna abu ɗaya, a buga, a gwada, haske ya ɓullo, a mayar. Gawayi ya ƙare, baduku ya je ya ƙaro. Maƙeri ya yi fushi ya jefar da masaba, baduku bai tashi ba, bai kuma daina zuga wuta ba. A rana ta uku bakin ya kwanta a kan katako tamkar an liƙa shi. Maƙeri ya juya ta a hannu ya ce wannan ko ɗan akuya ba za ta feɗe ba. Baduku ya ce gaskiya ne, shi ma ba fiɗa ta kawo shi ba. Ya shimfiɗa ƙirgi, ya ɗora yatsa a bayan wuƙar, ya ja sau ɗaya. Kaifin ya ci daga farko har ƙarshe bai kauce ba, maɗauri ya fita faɗinsa ɗaya kamar an auna da zare. Ko wasa wuƙar bai ba shi wahala ba, a kan shimfiɗaɗɗen dutse yake goga ta, bakin duka ya ci lokaci guda.

Maƙeri ya daɗe yana kallon maɗaurin nan. Tun daga ranar, duk wanda ya zo neman wuƙa, kafin ya sa ƙarfe a wuta sai ya tambaye shi, “Me za ka yanka da ita?”

To ka ji. Ka girmama masani, ka saurari abin da ya sani, amma kada kunya ta sa ka karɓi abin da ba zai yi maka aiki ba. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.