Rahila Ta Fasa Komawa Zariya

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ɗalibai Kirista da dama suka bar kwalejin Ƙaura Namoda. Habila, shugaban zumuntarsu, ya ji cewa mahaifin Rahila ma ya aiko ta koma Zariya. Ran Lahadi bayan sujada yana kwashe bencina, sai ga ta a gabansa.

"Bankwana kika zo yi?" ya ce, ya kasa ɗaga kai.

"Na faɗa wa Baba 'yan matan da nake koya wa Littafi Mai Tsarki ba su da kowa. Ya yarda in zauna." Ta ɗan murza bakin gyalenta. "Amma ya tambaya ko bishara ce kaɗai ta riƙe ni."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya tambayi Ɗan'uwa Habila."

Dariya ta ƙwace masa, idanunsa sun ciko da ƙwalla. "Rahila, in na turo magabatana, za a karɓe su?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Inna har ta fara tambayar abincin da kake so."