Munduwar Kaka Tambai

Su biyu ne a gidan, tsoho Tambai da jikarsa Kande, kuma abokin hira kawai tsohon ya rasa. A zamaninsu kowa na sanye da munduwa mai sauraro; duk wanda ya daɗe yana magana shi kaɗai, munduwarsa takan yi ja, motar asibiti ta ɗauke shi.

Kande ta dawo daga makaranta ta tarar Kaka yana musu da muryoyin da shi kaɗai yake ji, munduwarsa ta soma yin ja.

"Tsoho, da wa kake faɗa?"

"Da masu yabon tuwonki, amarya."

"Ai sun fi ka gaskiya!"

Ya tuntsire da dariya, munduwa ta yi fari. Motar asibitin da ta taho ta wuce su, ta tsaya a gidan gaba.

Kande ta gane cewa wanda ba shi da mai amsa masa ake ɗauka.