Tsohon da Ke Bayan Kwalekwale

Kwalekwalen ya riga ya bar gaɓa lokacin da Lois ta damƙe hannun mijinta.

"Toma, ruwan nan tafiya yake da mu fa."

Mutanen Tanout ne, biki ya kawo su Gaya cikin sanyi. Ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, amma Toma ya nace sai sun yi yawo a kan kogi.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Dubi mai jirgin, ko motsi bai yi ba. Wanda ya san aikinsa ke nan."

Tsohon na zaune a baya, lulluɓe da bargo, sandar tuƙi a gefensa. Gari ya fara nisa.

Lois ta daure ta ce, "Baba, yaushe za ka juya da mu?"

Tsohon ya dube ta da mamaki.

"'Yata, ni baƙo ne daga Tarka, raƙuma nake kiwo. Mai jirgin nake jira, sai mijinki ya zo ya kwance igiya. Na ɗauka shi ne."

Lois ta ɗauko sandar, ta miƙa wa Toma.

"To, mai jirgi, juya da mu."